Lasisin Ɗaukar 'Ya'yan Mutane

Akwai wata tambaya da ke tasowa a unguwarmu duk shekara idan watan Satumba ya kama, makarantu suka koma. Tambayar ita ce: mutumin da ya iya tuƙi, kowa ya shaida ya iya, an san shi an san gidansu, kuma yana neman abincinsa da kai yara makaranta, shin da laifi a kansa idan ya sayi takardun tuƙi ta bayan fage, ko ya yi aikinsa babu su gaba ɗaya? Ana yin wannan muhawara a teburin mai shayi, ana yin ta a ƙofar masallaci bayan Magariba, mata ma na yin ta a wurin biki. Ni dai ina ganin da laifi. Amma kafin in faɗi dalilina sai na ba masu ganin babu laifi haƙƙinsu, domin hujjarsu ba ta banza ba ce.

Ga wanda bai san wurinmu ba, ina zaune ne a Madagaskar, ba tsibirin nan na Tekun Indiya ba, wata unguwa ce a Yawunde, babban birnin Kamaru, daf da kasuwar Mokolo, kuma ba nisa da Biriketeri, unguwar Hausawa wadda ta samo sunanta daga wurin buga bulo na zamanin Jamusawa. Yawunde gari ne na tuddai da gangara. Lungunanmu matsattsu ne, cunkoson Mokolo da safe kuwa sai wanda ya gani, ga shi komawar makaranta na zuwa daidai da lokacin ruwan sama mai ƙarfi. Iyaye mafi yawa 'yan kasuwa ne, da mahauta, da teloli, da masu tsire waɗanda ba sa kwanciya sai dare ya raba. Ba kowa ke iya riƙe hannun ɗansa ya kai shi makaranta ba. Don haka sai a nemi mai tasi, ko mai babur da muke kira bensikin, ko wani mai tsohuwar mota, a yi yarjejeniyar wata-wata: ya kwashi yara da safe, ya dawo da su idan an tashi. Wannan sana'a ce ta halal, tana ciyar da gidaje da yawa.

Hukuma kuwa tana da nata sharuɗɗan ga duk mai ɗaukar mutane a mota don kuɗi. Da farko lasisin tuƙi, wanda a nan muke ce wa permi: rukunin B na ƙananan motoci, rukunin D na bas. Ana samun sa ta makarantar koyon tuƙi, a yi jarrabawar rubutu da ta hanya a ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri. Mai tasi yana buƙatar ƙarin wata takarda da ake kira kapasite, shaidar cancantar ɗaukar fasinja. Sai lasisin sufuri na motar, da inshora, da takardar duba lafiyar mota da ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Kowace da kuɗinta, kowace da layinta. Wanda ke jigila ba tare da su ba, shi ake kira kilando.

To ga hujjar masu cewa babu laifi. Suna cewa: ita takarda me ta sani? Takarda ba ta taka birki. Mun ga masu permi da ba su iya komawa da baya ba, mun kuma ga wanda ya tashi a gareji, ya shekara goma sha biyar yana tuƙi bai taɓa buge ko kaza ba, amma ko sunansa bai iya rubutawa da Faransanci ba, balle ya ci jarrabawar rubutu. Suna ƙarawa da cewa ƙasar nan ce ƙungiyar Transparency International ta sa a matsayin ta ɗaya wajen cin hanci a duniya shekara biyu a jere, 1998 da 1999, kuma ko da aka kafa hukumar CONAC a 2006 don yaƙi da abin, har yau kalmomin coko da gombo ba su ɓace daga bakin mutane ba. Idan kowa na saye, don me talaka shi kaɗai za a ce ya bi layi? Daga ƙarshe sukan ce: mu ba takarda muke ba 'ya'yanmu ba, mutum muke ba. Mun san ubansa, muna sahu ɗaya da shi. Sanayya ta fi hatimi.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma a kanta zan tsaya. Gaskiya ne sanayya na ganin abin da takarda ba ta gani. Unguwa ta san wanda ke shaye-shaye, ta san mai zafin hannu, ta san wanda idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya idan 'yan mata na wucewa. Babu ofishin da zai san wannan kamar maƙwabci. Sai dai akwai abubuwan da sanayya ta makance a kansu. Zaman sahu ɗaya ba ya nuna maka cewa idon mutum ya fara yin hazo. Sanin ubansa ba ya gaya maka cewa birkin motarsa ya cinye, kuma a gangaren Yawunde cikin ruwan sama birki shi ne tsakanin yaro da kabari. Mutumin kirki na iya tuƙa mota marar lafiya da zuciya ɗaya. Kirkinsa ba zai tsayar da ita ba.

Ko a fagen hali ma, inda sanayya ta fi ƙarfi, tana da iyaka. Babu Bahaushen da ya manta da Hanifa, yarinya 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a watan Disamba na 2021. Wanda ya ɗauke ta a adaidaita sahu ba baƙo ba ne, mai makarantar da take karatu ne, shi ya sa ta bi shi ba tare da kuka ba. Babbar kotun Kano ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Sabon da ya kamata ya kare ta, shi aka yi amfani da shi aka kama ta.

Kada mai karatu ya ɗauka ina nufin takarda ta wadatar. A Ingila, wanda zai riƙa kai yara makaranta a ƙaramar mota ta haya sai ya samu lasisi daga ƙaramar hukuma, a binciki tarihinsa ko ya taɓa aikata laifi, likita ya duba lafiyarsa. Duk da haka, a garin Rotherham, rahoton Farfesa Alexis Jay na 2014 ya ƙiyasta cewa aƙalla yara 1,400 aka lalata tsakanin 1997 da 2013, ya kuma nuna rawar da wasu direbobin tasi suka taka a ciki. Can takarda ce ta gaza. Abin lura shi ne, da gwamnatinsu ta fitar da sababbin ƙa'idoji a 2020, sai ta shawarci masu ba da lasisi su tambayi kansu ko za su yarda wani nasu da suke ƙauna ya shiga motar wannan mutum shi kaɗai, dare ko rana. Wato su masu takarda sun dawo suna neman irin tambayar da tsohuwa ke yi a Biriketeri. Su sun gane takarda na buƙatar sanayya. Saura mu mu gane sanayya na buƙatar takarda.

Me ya sa na tsananta a kan yara, alhali manya ma na shiga kilando kullum? Domin babba shi ne sufeton kansa. Idan ya ji warin giya ya sauka. Idan gudu ya yi yawa ya yi magana. Idan an ce a zauna biyu a kujerar gaba, yana da zaɓin ya ƙi. Yaro ɗan shekara shida ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Inda aka ajiye shi nan zai zauna, ko a kan cinyar ɗan uwansa ne, ko a kan tankin babur. Bai san ana cutar sa ba, in ma ya sani ba lallai a yarda da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, sannan Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Duk binciken da yaro ba zai iya yi wa kansa ba, dole wani ya yi masa kafin ya shiga motar. Jarrabawa da duba lafiyar mota su ne wannan binciken.

Yanzu mu koma kan gwanin da ya sayi permi. Zai ce ai bai cuci kowa ba, tunda ya iya. Ni kuma ina ganin ya yi abu biyu. Na farko, ya yi ƙarya. Takardar da ke aljihunsa cewa take an gwada shi, alhali ba a gwada shi ba, kuma duk ranar da ya nuna ta ga uban yaro ya sake maimaita ƙaryar. Mutumin da zai karɓi amana mafi tsada, matakinsa na farko a sana'ar ya zama yaudara. Shi ne kuma ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya iya, alhali kowane direba a duniya haka yake ganin kansa, har da wanda ya kife jiya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Ƙofar da gwani ya bi ya sayi takarda, ita ce wanda bai iya komai ba zai bi gobe, a kan farashi ɗaya. Kuɗin gwani ne ke raya dillalin, sunan gwani ne kuma ke wanke cinikin, sai a riƙa cewa ai wane ma saye ya yi, ga shi lafiya lau. Wata rana yaron da wancan marar gwanintar zai buge, mai yiwuwa ɗan gwanin ne.

A nan akwai bambancin da ya kamata a kiyaye, kuma malamai sun daɗe da yin sa. Wanda ya yi karatu, ya ci jarrabawa, motarsa lafiya ƙalau, sannan wani ya danne masa takarda sai ya ba da na goro, wannan an zalunce shi ne, nauyin yana wuyan wanda ya karɓa. Wanda kuwa ya biya don a tsallake masa jarrabawar, ko a buga wa motar da birkinta ya mutu hatimin lafiya, wannan ba haƙƙinsa ya fansa ba. Haƙƙin yara ya saya. Mutanenmu kan cakuɗa biyun su kira su da suna ɗaya, don na biyu ya samu inuwar fakewa a ƙarƙashin na farko.

Sai dai ba zan ɗora wa direba laifin duka ba. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu iyaye mukan yi ta ciniki har sai mun karya farashin wata, sannan mu yi mamakin ganin yara goma a motar da aka yi don fasinja huɗu. Lissafin a fili yake: man fetur ba ya raguwa don kuɗinmu ya ragu, inshora ba ta yin ragi. Idan kuɗin yaro ɗaya bai isa ba, direba zai cike giɓin da ƙarin yara, ko da fasa gyaran mota, ko da barin takardu su mutu. Arhar da muka samu, daga lafiyar 'ya'yanmu aka cire ta. Haka kuma muna jin kunyar tambaya. Uba zai juya buhun shinkafa ya duba kafin ya saya, amma ya ji nauyin ce wa ɗan maƙwabcinsa: "Ɗana, nuna mini permi da inshorarka." Sai a ce ai rashin yarda ne. Ni ina ganin direban kirki daɗi zai ji, domin tambayar ce ke raba shi da 'yan buga-buga. Kunyar da za ta sa a yi jana'iza ba kunya ba ce.

Wani kuma zai rufe bakin kowa da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma mai faɗin haka yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu kafin ya tafi gida, bai taɓa barin sa a buɗe ya ce ƙaddarar sata ba ta wuce ranarta ba. Tawakkalin da ake yi wa yaro a hana wa kanti, sakaci ne ya sa rawani.

To talakan da ya iya tuƙi, ba shi da kuɗin makarantar tuƙi, bai kuma iya karatun boko ba, ya zauna da yunwa? A'a. Nan ne ya kamata sanayyar da muke alfahari da ita ta yi aiki. Unguwar da ta iya adashin biki da na Sallah ba za ta kasa adashin permi ba. Iyayen da ke ba mutum ɗaya 'ya'yansu na iya haɗa masa kuɗin takardu a cire a hankali daga kuɗin wata. Ɗaliban jami'a da ke cikinmu na iya zama da shi su fassara masa alamomin hanya da tambayoyin jarrabawa da Hausa ko Fulatanci. Dattawa kuma su riƙa ba da shaida a kan hali, su kuma yi ƙarfin halin hana shaidar ga wanda bai cancanta ba, ko ɗan waye. Zai ɗauki watanni, ba shakka, amma hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Lasisi ba shi ne amana ba. Sai dai yadda mutum ya neme shi yana nuna mini yadda zai riƙe amanar. Wanda ya yi haƙurin bin layi, ya yarda a gwada shi, ya kai motarsa aka duba ya gyara abin da aka ce ya gyara, ya nuna cewa ya iya jira, ya kuma iya karɓar gyara. Irin wannan shi zai jira a mararraba ko yara sun makara, shi zai ce kujera ta cika ko ana miƙa masa kuɗi. Wanda kuwa ya yanke hanya a ofis, ina tsoron zai yanke ta a titi.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa albarka a sana'ar masu kai su da dawo da su, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ba mu.