Rigar da Doki Zai Iya Taɓawa

Duk wanda ya taɓa kiwon doki a birnin Kano ya san yadda unguwa ke kasancewa ana saura kwana uku Sallah. Tela ba ya barci, mai guga ba ya barci, masu bugu suna ta dakan shadda har tsakar dare. A 'yan shekarun nan kuma an ƙaru da wata hidima: kafin a fita Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa, sai an tsaya a ƙofar gida an ɗauki hoto, mutum da dokinsa. Tun da hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya a shekarar 2024, masu kyamara suka ƙara yawa, samari suka ƙara damuwa da tambaya guda: me zan sa? A wurin mutane da yawa wannan tambayar tela ce. Ni kuwa ina ganin ta malam ce.

Batun halaccin hoton kansa ba zan daɗe a kai ba. Malamai sun yi saɓani, kuma sanannen zance a wurin Malikiyya shi ne abin da aka haramta kai tsaye shi ne surar mai rai da ke da jiki har ta yi inuwa, kamar gunki; wadda ke shimfiɗe a takarda hukuncinta ya fi sauƙi. Kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Abin da ke gabana shi ne wanda ya riga ya yanke shawarar tsayawa gaban kyamara.

Akwai masu cewa duk wannan kwalliya riya ce, a bar ta. Ban yarda ba. A farkon Suratun Nahli an ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, aka ce an halicce su don hawa da kuma ado. Kafin nan ma an ambaci kyawun da mai dabbobi ke gani sa'ad da garkensa ke fita da safe da sa'ad da yake dawowa da yamma. Sannan akwai sahabin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da ke son tufarsa da takalminsa su yi kyau, aka nuna masa cewa wannan ba girman kai ba ne. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka wanda ya naɗa rawani ɗan Kura, ya zuba kore mai sheƙi, ya ɗora wa dokinsa jalala mai aiki, bai yi laifi ba. Wanda ya zo da tsumma da gangan don a ce shi mai tawali'u ne, shi ma ai hoton yake nema, wani iri dai daban.

Amma akwai wani hadisi a Buhari da Muslim da ya kamata duk mai barga ya haddace ma'anarsa. An kasa dawaki gida uku: wani lada ne ga mai shi, wani sutura ne, wani kuwa nauyin zunubi ne. Na ukun shi ne wanda aka ɗaure don alfahari da nuna wa mutane. Doki ɗaya ne, harawa ɗaya yake ci. Abin da ya raba su yana cikin zuciyar mai turken. To ta yaya mutum zai gane a wane gida yake? Zuciya ba ta fiye faɗa wa mai ita gaskiya ba. Riga kuwa tana faɗa.

Ɗan ƙanwata ya zo aron akawalina don ya yi hoto da shi. Ya iso cikin farar shadda mai ɗan karen tsada, sitaci ya kama ta har tana ƙara idan ya motsa. Dokin ya miƙo hanci zai shinshina kafaɗarsa, yadda yake yi wa duk wanda ya matso. Yaron ya yi tsalle baya yana kakkaɓe riga, ya ce, "Kawu, don Allah a riƙe shi, zai ɓata mini kaya." Mai hoto kuma ya ce a ɗaga wa dokin kai don ya fito da kwarjini. Mai kula da shi ya ja linzami. Wanda ya san linzaminmu na gargajiya ya san ƙarfen nan ba abin wasa ba ne a baki. Dokin ya kwantar da kunnuwa baya, ya buɗe baki, kumfa ta taru a gefen leɓensa. Na ce a sassauta. Na ce wa yaron, "Ɗana, ko dai ka canja riga, ko ka je ka tsaya jikin mota."

Ba dattin rigar ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne tufar ta riga ta yanke hukunci cewa dokin kaya ne, kamar agogo da tabarau, an kawo shi ne ya cika hoto. Alhali mai rai ne, kuma amana. Mun karanta labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da raƙumin da ya kai ƙarar mai shi saboda yunwa da wahalar aiki. An hana dukan dabba a fuska. Ban ga yadda za a ce ciwon baki don hoton minti ɗaya ya fita daga wannan babi ba.

Wani zai ce tsoron najasa yake, da rigar zai yi salla. Wannan uzurin ba shi da ƙarfi. A Mukhtasar na Shehu Halilu, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, dabba mai rai tsarkakakkiya ce, haka guminta da yawunta. Fitsarin doki da kashinsa ne ake kiyayewa. An kuma ruwaito cewa Abu Huraira yakan ɗauki 'yar kyanwarsa a hannun rigarsa, kuma babu wanda ya ce darajarsa ta ragu da gashin mage.

Shi dokin ma ba launin rigarka ne ya dame shi ba. Ja da kore duk kusan ɗaya ne a idonsa. Abin da ke firgita shi shi ne alkyabbar da iska ke kaɗawa kwatsam, da walƙiyar kyamara, da mutumin da ya ɓullo masa ta baya inda ba ya gani. Wanda ya zaɓi tufa yana tuna waɗannan, ya riga ya sa dokin cikin lissafi, kuma wannan shi ne abin da nake nema.

Zancen bai tsaya kan masu dawaki ba. Yarinyar da ta matse kyanwa a ƙirji tana zillo, da magidancin da ya tsaya jikin ragon layya ya watsa hoton don maƙwabta su ƙiyasta kuɗinsa, duk tambaya ɗaya ke jiransu. Na ragon ma ya fi ban tsoro, domin ibada ce ake jinginawa da nuni.

Saboda haka, ɗan'uwa mai shirin hawa, ka ɗinka mai kyau iyakar ƙarfinka, ba bashi ba. Amma ka zaɓi wadda idan doki ya goga mata hanci ba za ka ji haushinsa ba. Ka shayar da shi kafin a fara, ka bari rana ta yi sanyi, ka tsaya ta gefen kafaɗarsa inda yake ganinka. Kai kuma mai hoto, idan kan doki bai ɗagu da kansa ba, ka ɗauke shi a yadda yake.