Sutura ce ko ɓoye cuta?

Idan aka yi haihuwa, tambayar farko ita ce: mace ko namiji? To amma akwai ranar da ungozoma za ta duba jariri ta yi shiru, don halittarsa ba ta nuna ɓangare ɗaya ba. Hausawa na cewa mata-maza, malamai kuma su ce hunsa. A unguwa irin tamu ta Sabo, inda kowa ya san gidan kowa, abin da iyaye suka fi yi shi ne su ja labule, su raɗa suna a gurguje, su ce sun rufa asiri. Tambayata ita ce, wannan sutura ce ko zalunci?

Mu fara da maganar rai. Daga cikin abubuwan da suka fi jawo wannan hali akwai ciwon wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda. Idan suka kasa samar da sinadaran da jiki ke buƙata, jaririya mace kan zo da gaba mai kama da na namiji. Yawancin irin waɗannan jarirai gishirin jikinsu na zubewa ta fitsari. Cikin mako na biyu ko na uku sai amai, ƙin kama nono, jiki ya bushe, a rasa yaro, alhali gwajin jini da maganin sha na kullum kan ceci ransa. Kun ga ke nan wanda ya ɓoye don gudun surutun maƙwabta, da ran ɗansa ya yi caca. Asibitin koyarwa irin UCH na Ibadan ai ba nisa gare shi ba.

Addini ma bai ce a ɓoye ba. Littafin Muhtasar na Shehu Halil, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, da hukuncin hunsa aka rufe shi. A mazhabar Malikiyya, wanda al'amarinsa ya rikice yana gadon rabin kason namiji da rabin kason mace. Wato magabata sun ba shi matsayi da haƙƙi. Mu kuma sai dariya da nuni da baki?

Akwai kuma yaron da jikinsa lafiya lau, amma ya taso yana jin ransa bai yarda da jinsinsa ba. Wannan daban ne, kuma ko a ƙasashen Turawa gardama ake yi a kansa. A Ingila, rahoton Dakta Hilary Cass na watan Afrilun 2024 ya ce hujjar ba yara maganin dakatar da balaga ba ta da ƙarfi, kuma asibitocin gwamnati sun daina bayar da shi yadda suka saba. Sai dai rahoton bai ce a watsar da yaran ba. Cewa ya yi a duba su gaba ɗaya, har da damuwa da ƙuncin da ke ransu.

Darasin da na ɗauka shi ne, gaggawa ce abar tsoro, ta kowane ɓangare. Kada a yi gaggawar kai yaro ga wuƙa ko allura a kan abin da ba ya gyaruwa in an yi kuskure. Haka nan kada a yi gaggawar ɗauko bulala ko korarsa. Yaron da aka kora daga gida a nan Kudu, ina zai nufa in ba tasha ko ƙarƙashin gada ba? Can kuwa mun san irin hannun da zai faɗa.

Sutura ta gaskiya ita ce a kame baki daga 'yan gulma, amma a buɗe shi gaban likita da malami mai amana. Ɗa amana ce, kuma mu za a tambaya, ba maƙwabta ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta.