Yawan Abokai A Waya Ba Shi Ne Zumunci Ba

 Ya 'yan'uwa masu karatu, zancenmu na wannan mako a kan zumunci ne, da halin da ya shiga tun da wayar hannu ta sami wuri a aljihun kowa.

A shekarar 2018 gidan rediyon BBC ya haɗa kai da malaman jami'o'in Manchester da Brunel da Exeter na Ingila, suka roƙi jama'a kowa ya faɗi yadda zamansa da mutane yake. Mutum wajen 55,000 daga ƙasashe dabam-dabam suka amsa bisa raɗin kansu. Da aka tattara amsoshin, sai aka ga kashi 40 cikin 100 na masu shekara 16 zuwa 24 sun ce kaɗaici yana yawan damunsu, alhali cikin waɗanda suka haura 75 kashi 27 ne. An kuma lura masu kukan kaɗaici sun fi yawan abokan da a Facebook kaɗai suka sani.

Kafin wannan, a 2016, Farfesa Robin Dunbar na Jami'ar Oxford ya binciki mutum fiye da 3,000 a Birtaniya. Ya tarar galibi mutum yana da abokai kamar 150 a Facebook, amma waɗanda zai dogara da su ranar baƙin ciki kimanin 4 ne kacal. Dalili kuwa, abota lokaci take ci, kuma takan dushe in an daina haɗuwa.

To, ya 'yan'uwa, wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. A farkon Suratun Nisa'i an gwama tsoron Allah da kiyaye zumunta. Haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa da hadisi ya lissafa, irin su gai da mara lafiya da rakiyar gawa da amsa gayya, yawancinsu sai da tattaki. Shi ya sa Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.

Ba muna cewa waya haramun ce ba. Wanda ɗan'uwansa yake Kumasi ko Khartum, lalle ya kira shi, yana da lada in Allah Ya so. Abin tsoro shi ne a maye gurbin ziyarar gwaggo da ke bayan layi da saƙon barka da Juma'a.

Saboda haka kowa ya yi nasa binciken. Ɗauki takarda ka rubuta dangin da ka taka ƙofarsu cikin watan nan, sa'an nan ka rubuta waɗanda suka shekara ba su gan ka ba. Ka fara da wanda ya yanke ka, gama ya zo a cikin Bukhari cewa mai sada zumunci na gaske ba mai ramawa ba ne, wanda ke sadarwa ne bayan an yanke masa.

Allah Ya sa mu cikin masu sada zumunci, amin.