Yaron Wane Ya Samu, Naka Fa?



'Yan uwa, duk wanda ke da yaro a ajin ƙarshe na sakandare ya san lokacin da muke ciki. Jami'o'in kuɗi sukan riga na gwamnati fitar da sunaye, wasu yaran kuma tun kafin sakamakon WAEC ya fito an riga an yi musu alkawarin gurbi. Sai ka buɗe zauren WhatsApp na iyayen makaranta ka tarar da hoton takardar admishan, a ƙasa an rubuta Alhamdulillah. Kafin la'asar an sa guda biyar. Ana idar da salla kuma, tun mutum bai gama sa takalmi ba, sai a tare shi: "Alhaji, yaron wane fa ya samu likitanci. Naka ina aka kwana?"

Tambayar da ya kamata mu tsaya a kanta ita ce: wannan godiya ce ko gasa?

Ba ƙaramar tambaya ba ce, domin kowane ɓangare yana da hujja. Ƙarshen Suratud Duha ya umarce mu da bayyana ni'imar Ubangiji. Mutumin da ya baro gida shekara ashirin, yana kwana kan buhunan albasa a Mile 12 ko yana bin shanu a Oko-Oba, yana biyan kuɗin makaranta zango uku a shekara, in ɗansa ya samu gurbi dole ya yi murna, kuma babu mai hana shi. To amma aya ta 20 a Suratul Hadid ta lissafa alfahari da gasar yawan dukiya da 'ya'ya cikin ruɗin duniya. A Suratu Yusuf kuma, Annabi Yaƙub (AS) ya hana ɗansa ba wa 'yan uwansa labarin mafarkinsa, alhali mafarkin alheri ne. Ke nan ni'ima ɗaya ce, wani wurin a faɗe ta, wani wurin a rufe ta. Abin da ke raba su shi ne niyyar mai faɗa da halin mai saurare.

Mu 'yan kasuwa ne, kwatanta farashi a jininmu yake. Nawa ka saro, nawa wane ya sayar. A kasuwa wannan wayo ne. Matsalar ita ce mun ɗauko shi mun kai gida. Tunda mun zuba kuɗi mai yawa a makarantar kuɗi, sai muka soma kallon yaro kamar haja, sakamakonsa kuma kamar riba. Har ka ji uba yana cewa, "Duk kuɗin da na kashe a kanka, ɗan wane ya fi ka?" Wallahi wannan maganar tana zama a zuciyar yaro fiye da yadda muke zato. Amana aka ba mu, za a tambaye mu yadda muka riƙe ta, kuma babu inda aka ce za a tambaye mu ko ɗanmu ya riga na maƙwabci shiga jami'a.

Ku tuna abin da ya faru a nan Legas a 2025. Yara kusan miliyan 2 suka zauna jarrabawar JAMB a faɗin ƙasa, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Gidaje da yawa an yi faɗa, an kira yara malalata, an ce waya ce ta lalata su. Ba a yi mako guda ba, ranar 14 ga Mayu, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa an samu kuskuren na'ura a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Yara 379,997 aka ce su sake zama. Hukuma ta nemi gafara a bainar jama'a. Mu iyaye da muka yanke wa yaranmu hukunci kan lambar da ba tasu ba, mu nawa muka nemi gafararsu?

Ko da babu kuskure, samun gurbi da wuri ba ya nuna wanda ya fi ƙwaƙwalwa. Sau da yawa yana nuna wanda ubansa ke da halin biyan jami'ar kuɗi ne. Wanda ke jiran jami'ar tarayya sai ya bi layin tantancewa, wata da watanni. Ga kuma ɗan mai gyaran takalmi ko mai tura baro da muke sahu ɗaya da shi, wanda ko kuɗin rajista sai da aka haɗa masa. In ka ɗaga takardar ɗanka a gaban wannan uban, ka yi tunanin abin da zai tafi da shi gida?

Ga ma'auni mai sauƙi. Kafin ka tura hoton nan, tambayi kanka abu biyu. Na farko, da yaron abokin hamayyarka a kasuwa ne ya samu abin da ya fi wannan, murnarka za ta ragu? In za ta ragu, to gasa kake yi. Na biyu, shi yaron ya yarda a baza makinsa? Sakamakon nasa ne, shi ya yi karatun dare.

Wanda Allah ya ba, ya yi sujadar godiya, ya faɗa wa dangi da malaman yaron, in da hali ya biya wa wani yaro a unguwa kuɗin rajistar baɗi. Wanda nasa bai samu ba tukuna, ya zauna da shi ya kwantar masa da hankali, wani hanin ga Allah baiwa ne. Mu kuma sauran jama'a, mu daina tambayar nan a bakin masallaci. Ka gaisa da ɗan uwanka, ka ce yaya yara, in yana son faɗa zai faɗa da kansa.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani, ya tsare zukatanmu daga hassada da riya. Amin.