Wanda ya ci kifin da wanda ya sake shi, wa ya fi tausayi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa masallata, hunturu ya sauka. Mu a nan Dogo Tebo abin da muka sani game da shi hazo ne da kaushi da nauyin tashi alwalar asuba. Amma ga mutanen Gashuwa da Nguru, lokacin su ne. Ruwan da ya malale fadama tun damina yana janyewa, kifi yana taruwa a kududdufai da guraben kogi, masunta suna shiga da taru da homa da gora. Bandar tarwaɗa da karfasa da iyalanmu ke saye a kasuwar Potiskum, da yawanta daga can take biyo hanyar Jakusko.

Sai dai yanzu an samu wani sabon masunci wanda ba yunwa ta kai shi bakin ruwa ba. Wasu samarinmu da ma'aikata sukan haɗa kuɗin mai ranar Asabar, su ɗauki fatsa da tabarma da kayan shayi, su tafi yini. 'Ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Ingila da Kanada kuma suna turo hotuna ta WhatsApp: mutum ya naɗe cikin riguna kamar ƙunshin goro, yana zaune a kan tafkin da ya daskare, ya huda ƙanƙara ya zura fatsa. In ya kama, sai ya ɗaga kifin a ɗauki hoto, ya zare ƙugiyar, ya mayar da shi ruwa. Dattijo in ya gani sai ya ce, "Wannan wane irin rashin aikin yi ne?" Yaro kuwa ya ce, "Baba, ai tausayi ne. Mu ba mu kashe shi ba, ku ne kuke kashewa ku ci."

Amsar yaron ba ta ture wa da hannu ba ce, domin a ido gaskiya ya faɗa. Kifin dattijo ya ƙare a tukunya, nasa yana raye. To wa ya fi tausayi?

Bari mu fara kawar da abin da ba shi ne matsalar ba. Hutu ba laifi ba ne. Mu da muka baro Kano da Katsina da Haɗeja muka zauna a garin nan don neman abinci, mun san yadda kasuwa ke cinye mutum: daga kara zuwa kasuwar hatsi, daga nan zuwa tasha, shekara ta zagayo bai taɓa zama da ɗansa awa biyu ba tare da waya a kunne ba. Lokacin da sahabi Hanzala ya ji tsoron ya zama munafuki saboda yana wasa da iyalinsa bayan ya bar majalisin Annabi (SAW), Annabi bai tsawata masa ba, ya nuna masa kowane abu da lokacinsa. Uban da ya ɗauki 'ya'yansa ya kai su bakin kogi su ga ruwa da tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai su sauka a Dagona, ni ban ga abin zargi a kansa ba. Kamun kifi shi ma halal ne, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta bayyana haka, har ga wanda ke cikin harami.

Inda maganar take shi ne niyyar wanda ya jefa fatsar. Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan a duhu ba. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce wurin da aka karhanta farauta don wasa, aka halatta wadda ba don wasa ba. Ibn Juzai, malamin Garnaɗa da ya rasu a shekara ta 741 bayan Hijira, ya ƙara fayyacewa a littafinsa Alƙawaninul Fiƙhiyya, inda ya kasa farauta gida biyar. Ta neman abinci halal ce. Ta yalwata wa iyali abin so ce. Ta ceton rai a halin lalura wajibi ce. Ta nishaɗi makaruhi ce, kodayake ya ambata cewa Ibn Abdil Hakam ya halatta ta. Sai ta biyar, wadda ake yi a banza ba da niyyar amfana da dabbar ba, ita ya ce haramun ce, dalilinsa kuwa hanin da aka yi na azabtar da dabba ba tare da wata fa'ida ba.

Ku duba tazarar da ke tsakanin ta huɗu da ta biyar. Wanda ya je don ya sha iska amma ya dawo da kifinsa aka soya, a mafi tsanani makaruhi ya yi, wani malamin ma ya ce babu komai. Wanda kuwa ya fita tun daga gida da niyyar ba zai ci ba, ba zai sayar ba, ba zai bayar ba, jan da kifin ke yi a igiya kawai yake so ya ji a hannunsa, shi ne ya kusanci gida na biyar. Wato a ma'aunin nan, yaron da ke ganin ya fi babansa tausayi shi ne ya fi buƙatar kare kansa.

Dalilin ba boyayye ba ne in mutum ya tsaya ya yi tunani. Me ake jin daɗinsa a wannan wasan? Kokawar kifin. In bai yi tirjiya ba, masu abin da kansu sukan ce ba a more ba. Tirjiyar nan kuwa ba rawa yake yi ba, ƙarfe ne ya huda masa baki yana neman tsira da ransa. Mahaucin da ya yanka sa a kwata, zafin da san ya ji ba shi ne abin da yake nema ba, nama yake nema, shi ya sa aka umarce shi ya wasa wuƙa ya gaggauta. In zafin ya ragu, mahauci bai yi asarar komai ba. Mai kamawa ya saki kuwa, in ka cire wahalar kifin daga cikin lissafi, babu abin da ya rage masa sai zama a cikin sanyi. Annabi (SAW) ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada harbi, kuma an ruwaito gargaɗi a kan wanda ya kashe ɗan tsuntsu a banza, cewa za a tambaye shi.

Wani zai ce ai kifi ba ya jin zafi, ba ya kuka, ba ya ko ƙifta ido. Ina jin wannan shirun nasa ne ya cuce shi a wurinmu. Akuya tana da murya, shi ya sa ake jin kunyar dukanta a gaban mutane. A shekarar 2003, wata masaniya mai suna Lynne Sneddon da abokan aikinta a Cibiyar Roslin ta ƙasar Sikotilan suka sa wa wasu kifaye dafin ƙudan zuma, wasu kuma ruwa mai tsami, a leɓe. Kifayen suka daɗe ba su koma cin abinci ba, wasu suka riƙa goga bakinsu a tsakuwar ƙasan ruwa. Akwai masanan da har yau suke musun cewa wannan shi ne zafi irin wanda mutum ke ji. To, a bar su su yi ta muhawara. Ɗan kasuwar da aka ce masa ƙila kayan nan na sata ne, ba ya jira sai kotu ta yanke hukunci kafin ya janye hannunsa.

Abin mamaki, Turawan ma kansu bai haɗu a kan wannan ba. A Ingila, mayar da kifin kogi ruwa shi ne al'ada, wanda ya tafi da shi gida ma kallon banza ake masa. A Jamus kuwa dokar kare dabbobi ta hana a cutar da dabba ba tare da dalili mai ma'ana ba, cin kifin dalili ne, hoto ba dalili ba ne, har an taɓa cin tarar masu yi. Suwizalan ma tun 2008 ta hana jefa fatsa da niyyar saki. Ba daga Risala suka karanta ba, amma wurin da suka tsaya kusa yake da inda Ibn Juzai ya tsaya.

Amma fa kada mu zalunci Baturen Ingila, yana da hujja mai nauyi. Masu fatsa a ƙasarsa suna da yawa, kogunan kuwa ƙanana ne. In kowa ya tafi da abin da ya kama, ba za a daɗe ba ruwa zai zama fanko. Kuma sai mutum ya sayi lasisi kafin ya jefa fatsa, kuɗin ana kula da kogunan da su, an kuma rufe kamun yawancin kifin kogi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni don ya samu ya hayayyafa. Na yarda da rabin wannan hujjar. Wanda ya fita neman na miya, sai ƙaramin kifi ko mai ƙwai ya faɗa masa, ya zare ƙugiya a hankali ya mayar da shi, wannan kyautatawa ce, ya samu lada in sha Allahu. Amma in tsoron ƙarewar kifi ne da gaske, ai akwai hanya mafi sauƙi: ka kama biyu ka naɗe fatsarka. Ba sai ka huda bakin ashirin ka sake su ba. Kuma ba duk wanda aka saki ke rayuwa ba. Wanda ya haɗiye ƙugiya sau da yawa mutuwa yake yi daga baya, a ƙasashen ƙanƙara kuma ɗan jinkirin ɗaukar hoton nan kan isa idonsa ya daskare a iska.

Mu ma muna da namu nishaɗin na ruwa, ba yau aka fara ba. Bikin Argungu tun 1934 ake yin sa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, a jiharmu kuma ga bikin kamun kifi na Bade a Gogaram. Akwai kiɗa, akwai gasa, akwai fahariyar wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi. Amma a Argungu ana hana su a gurbin Matan Fada har sai ranar biki, kuma abin da aka kama ci ake yi. Wasa ne da ya ƙare a ciki, ba a waya ba.

To kada dattawa su ce sun ci shari'a su miƙe. Tunda kifi ba ya buƙatar yanka, mun ɗauka ba shi da hakki ko kaɗan. Je ka inda ake sayar da tarwaɗa mai rai ka gani: a cunkushe cikin baho da ɗan ruwa, rana na dukansu tun hantsi, in an saya a jefa a leda a bar ta tana mutsu-mutsu har gida. Umarnin kyautatawa wajen kisa bai ware kifi ba. Bugu ɗaya mai ƙarfi a ka ya wadatar, iyayenmu mata a gida su ma a gaya musu, kada a bar yara suna wasa da ita a tsakar gida kafin a gyara. Sannan ga 'yan ƙananan kifin da ake tacewa da gidan sauro, ga wanda ake kashewa da guba irin Gamalin a zuba a kududdufi komai ya taso. Ruwan Haɗeja da Nguru dama ya ragu tun da aka datse shi a Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyi da yawa. Mai fatsa ɗaya na ranar Asabar ba zai yi ɓarnar da buhu ɗaya na irin wannan kaya ya yi ba, mu ne kuma muke saye, mun san shi in mun gani, arahar ce ke rufe mana baki.

Masu shirin tafiya a hunturun nan kuma, akwai hakkin da ya rage, na mutane ne. Gurbin da kuke gani kamar ba na kowa ba, gonar wani ce, watannin nan ne kakarsa. Ku nemi sarkin ruwa ko mai unguwar wurin ku yi sallama kafin ku jefa komai, yadda ba za ku so baƙo ya shimfiɗa tabarma a ƙofar shagonku ranar kasuwa ba tare da ya gaishe ku ba. In kun kama fiye da abin da gida zai ci, ga almajirai nan a tsangayun unguwa da suka daɗe rabonsu da kifi. In kuma ba ku kama komai ba, ku sayi na masuntan a farashin da suka faɗa, kada ku taya kamar kuna kara.

Allah ne mafi sani.