Randar Sabil da Ruwan Alwala

A gefen titunan Omdurman akan ga randunan ƙasa a inuwa, da moɗa a kai, sadakar ruwa ga masu wucewa. Sabil ake ce musu.

A mazhabar Malikiyya, ruwan da launinsa, ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba ya halatta a yi alwala da shi. Amma amiba, ƙwayar da ke jawo atuni, tana iya kwanciya a ciki ido bai gani ba. 

Tsarki ya tabbata, to lafiyar mai sha fa? Shari'ar ce kuma ta hana cutar da mutum, shi ya sa wanke randar da rufe bakinta suka rataya a wuyan mai sadakar.