Wa Zai Biya Kuɗin Ranar da Ma'aikaci Ya Kwanta?

A watan Mayu na 2020, bayan mace-mace sun yawaita a Azare, gwamnatin Jihar Bauchi ta rufe ƙananan hukumomin Katagum, Giade da Zaki na kwana 10 domin dakatar da cutar korona. Kasuwanni suka tsaya, mutanen garuruwa irin su Zadawa da ke kai hatsi Azare suka zauna gida. Da aka buɗe, sai kowane mai shago da mai makaranta ya ajiye bokitin ruwa da sabulu a ƙofa, ya kuma ce wa ma'aikatansa: wanda ya ji zazzaɓi kada ya zo.

Umarnin daidai ne. Cutar tana bin numfashi, ta fi yaɗuwa a ɗakin da iska ba ta ratsawa, kuma mutum ɗaya mai tari yana iya kwantar da shagon ɗinki gaba ɗaya. Amma akwai tambayar da aka tsallake: idan ma'aikaci ya zauna gida, wa zai ciyar da iyalinsa?

Mu ɗauki yaron tela wanda ake sallama kullum da yamma. In bai zo ba, ba za a ɗora tukunya a gidansu ba. Maigidan da ya ce masa ya huta, sa'an nan ya yanke kuɗin ranar, da baki ya hana shi zuwa, da aljihu kuwa ya kira shi. Yaron zai haɗiye farasitamol, ya ɓoye zazzaɓinsa, ya zauna kusa da 'yan'uwansa. In cutar ta yaɗu, da wuya a ɗora masa laifin shi kaɗai.

Wani zai ce, ai ƙaramin maigida ma da kyar yake kai wa gobe. Gaskiya ne, ba kuwa za mu raina wannan kuka ba. Amma tsakanin cikakken albashi da hannu wofi akwai tazara: rabin kuɗi, kwanon masara, ko asusun da ƙungiyar masu sana'a za ta riƙa tarawa kamar adashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu ma da ikkilisiyoyinmu ke da makarantu da ɗakunan shan magani, sai mu tambayi kanmu yadda muke yi da malamai da masu gadi idan sun kwanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona a Mayun 2023, amma zazzaɓin Lassa da kwalara ba su bar Bauchi ba. Saboda haka, 'yan'uwa, tun kafin wata annoba ta zo, bari kowane maigida ya zauna da ma'aikatansa, ya gaya musu abin da zai ba su ranar da ciwo ya hana su fita. Wanda ya san ba za a bar shi da yunwa ba, shi ne zai faɗi gaskiyar jikinsa.